Waldar jikin mota a gida: arhar injin da ba ya buƙatar gas tana da tsada

Ƙananan injinan walda masu tura waya, waɗanda ake kira MIG, yanzu sun kai matsayin da mai tsohuwar mota zai iya saya ya ajiye a gida. Tambayar da ke biyo baya ita ce wanne zai ɗauka: mai aiki da tukunyar gas, ko wanda mai shago ya ce waya kawai yake buƙata? Ra'ayinmu shi ne, idan jikin mota za a taɓa, a ɗauki mai gas.

Gas ɗin da muke nufi ba na kabaid da oksijin ba ne, wanda masu fanel bita ke hura wuta da shi. Wannan ba ya ci da wuta. CO2 ne zalla, ko haɗin agon kashi 75 da CO2 kashi 25, kuma aikinsa ya lulluɓe narkakken ƙarfe don kada iska ta shiga ta bar ƙananan ramuka a ɗinkin. Ita kuwa wayar da ba ta buƙatar gas, cikinta cike yake da wani gari da ke ƙonewa ya yi wannan kariyar da kansa.

Matsalar tana ga kaurin ƙarfe. Ƙofa ko fenda ko bonet na ƙaramar mota galibi ba sa wuce milimita ɗaya, wasu 0.7 ne. Wayar mai gari yawanci 0.8 ce ko 0.9, kuma tana aiki da zafi sosai. Sabon hannu yana ɗora ta a fenda sai ta huda, ya koma cike ramin da shi ya yi, wurin ya lanƙwashe. Da gas ana iya sa waya 0.6, a rage wuta, a riƙa ɗiga walda nan da can ana bari ta huce har layin ya haɗu.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani ranar aiki. Wayar mai gari tana barin ɓawo a kan ɗinki, irin kashin maƙera, ga tartsatsi ko'ina. Duk ɗan abin da ya maƙale a lungu aka shafa fila da fenti a kansa, nan danshi zai samu mafaka. Bayan damina ɗaya ko biyu sai fenti ya kumbura, tsatsa ta leƙo, kuɗin da aka tsere wa na tukunya a biya shi wurin mai fenti.

Wannan ba ya nufin injin marar gas shirme ne. Yawancinmu a tsakar gida ko ƙarƙashin bishiya za mu yi aikin, kuma iskar hunturu kaɗan ta isa ta kwashe gas daga bakin walda. A fili, a kan ƙarfe mai kauri kamar ƙafar bamba, bodin a-kori-kura ko ƙofar gida, wayar mai gari ta fi. Wanda ke garin da cika tukunya sai an yi tafiya, shi ma yana da hujja. Amma iska, labulen buhu ko falle biyu na kwano sun tare ta.

Don haka a nemi injin da ke yin duka biyun, ko da an ƙara kuɗi. A duba yana da mashigar gas a baya, kuma ana iya sauya wayoyin wutarsa: da gas, hannun walda yana kan alamar +, da wayar mai gari kuma galibi kan −. Mutane da dama suna zagin inji alhali wannan sauyin ne ba su yi ba.

Ko wanne aka saya, a cire kan batir kafin a fara, a san inda tankin mai da bututunsa suke, a ɗage kafet da kujerun da ke bayan wurin. Ƙarfen da aka shafe da zinki hayaƙinsa yana kwantar da mutum da zazzaɓi, a kankare shi tukuna. Kada kuma a kuskura a jona tukunyar oksijin a madadin CO2. Shasi da ginshiƙan da ke riƙe rufin mota, waɗanda ke kare fasinja ranar haɗari, a kai wa ƙwararre.