A Farfaɗo Da Wasannin Motsa Jiki A Makarantu

A da, ba a cewa yaron Musawa ko Malumfashi ya motsa jiki, domin gona na jiransa, in kaka ta yi kuma ga kokawa da langa a dandali. Yanzu babur ya rage tafiyar ƙasa, wayar hannu ta cinye lokacin wasa, lemon kwalba kuwa ya shiga ƙauyuka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a 2022 yara da matasa fiye da miliyan 160 ke fama da muguwar ƙiba, wadda ke jawo ciwon sukari da hawan jini. Shawararta ita ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya motsa jiki aƙalla minti 60 kullum.

Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 kan kowace litar lemo mai sukari, amma haraji kaɗai bai wadatar ba. Ko da yake tamowa ta fi damun Jihar Katsina, rigakafi ya fi magani. Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ilmi da ƙaramar hukumar Musawa su kare filayen wasan makarantu, su kuma riƙa shirya gasa tsakanin makarantu, ta maza da ta mata.