Tsufan Aro Ba Ya Gyara Amon Jita

A shekarar 1995 kamfanin Fender na Amurka ya fito da wani salon ciniki mai ban mamaki: sabuwar jita mai lantarki da aka ƙuƙƙuje ta da gangan, don mai gani ya zaci ta shekara arba'in ana kaɗa ta. Irin wannan jita ta fi wadda ke ƙyalli tsada nesa ba kusa ba, kuma har yau ana rububinta.

Kwaikwayon tsufa aikin kimiyya ne tsantsa. Jitocin shekarun 1950 an shafe su ne da wani man ƙyalli mai suna naitiroselulos, wanda hasken rana kan mayar da shi rawaya. Idan sanyi ya biyo bayan zafi, katako da man ba sa tsukewa daidai da juna, sai fentin ya tsattsage. Saboda haka masu wannan sana'a kan sanyaya jitar farat ɗaya don ta dare, su goge inda hannu kan taɓa da sanfefa, su kara ƙarafan a tururin asid don su yi tsatsa.

To, shin hakan na ƙara wa sauti daɗi? Kusan babu abin da yake ƙarawa. Sautin jita mai lantarki yana fitowa ne daga maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa, sai lantarki ya ɗarsu a cikin wayar, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831. Ƙujewar fenti ba ta shiga wannan lissafi.

Ɗalibin Bebeji ko Ƙiru zai gane bambancin idan ya dubi garaya ko gurmi. A nan fatar da aka ɗaure a bakin ƙoƙo ita ke fitar da amo. Da damina takan sha laima ta saki, amon ya dushe; da hunturu kuwa ta bushe ta ɗame, amon ya yi kaifi. Shi ya sa makaɗa kan kara fata a rana ko gefen wuta kafin wasa. Wannan canji ne na haƙiƙa, wanda kunne ke shaidawa.

Tsufantar da jita ba laifi ba ne muddin an gaya wa mai saye gaskiya, domin ado ne kamar zanen ƙwarya. Laifin yana ga wanda ya sayar da sabuwa da sunan tsohuwa, ko da yake ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ya kamata malaman sakandare a Tudun Wada da Doguwa su mayar da batun darasi. A sami kayan kiɗa guda, a ɗauki sautinsa a Agusta, a sake ɗauka a Janairu, sannan a sa ɗalibai su saurara ba tare da an faɗa musu wane ne na wane wata ba. Ɗalibin da ya saba gwada magana kafin ya yarda da ita, da wuya a sayar masa da tsatsa a farashin tarihi.