SHARHI: Manomin Kura yana biyan bashi, amma babu inda ake rubuta masa

Duk shekara, da zarar damina ta ɗauke aka shiga noman rani, bashi ne ke riga iri shiga gona. Manoman Kura da Bunkure da Garun Malam, da matasan Kumbotso da ke bin hanyar Zariya su kama hayar eka ɗaya ko biyu a bakin kanal, suna karɓar taki da maganin feshi daga hannun 'yan kasuwa bisa alƙawarin biya idan an girbe. Da yawansu suna cika alƙawari, domin wanda ya saɓa bana ba zai samu baɗi ba. Amma ranar da ɗayansu ya shiga banki neman rancen sayen injin ban-ruwa, kwamfutar bankin za ta nuna cewa ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Abin da bankin ke nema shi ne tarihin bashi, wato rubutaccen bayani kan abin da mutum ya taɓa ranta, daga hannun wa, da kuma ko ya biya a kan lokaci. A Najeriya kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ba lasisin tattara irin wannan bayani: CRC, CreditRegistry da FirstCentral. Bankuna suna aika musu rahoton masu cin bashi, su kuma su haɗa shi su fitar wa kowa maki. Wanda bai taɓa ci daga inda ake aika rahoto ba, ba shi da maki. Banki kuwa yana ɗari-ɗari da wanda ba shi da maki, ga shi kuma sai an ba mutum bashi sannan makin ke samuwa. A nan matashin manomi ke maƙalewa.

Amanar da ba ta fita daga kasuwa

Yankin ba baƙon bashi ba ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka ɗauko a zamanin Gwamna Audu Bako, shirin noman rani na Kadawa ya mayar da wannan yanki cibiyar shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Noma irin wannan yana cin jari kafin ya kawo komai, saboda haka mutane suka gina nasu hanyoyin: adashi, ƙungiyoyin gama-kai, bashin ba-da-kaka, da littafin mai shagon taki. Dillali a kasuwar Kwanar Gafan ya san manomin da ke cika magana da wanda ke ɓoye kwanduna. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Illar wannan tsari ita ce amanar ba ta tafiya da mai ita. Shekara goma ta cika alƙawari tana nan a cikin littafin mutum ɗaya. Idan mai shagon ya rasu ko ya karye, shaidar ta tafi. Kuma tunda shi kaɗai ya san darajar manomin, shi ne ke yanka farashi. Wanda ya ci ba-da-kaka yakan miƙa amfaninsa lokacin girbi, lokacin da kaya ya fi araha.

Jingina ma ba ta buɗe ƙofa. Bankunan kasuwanci sun fi son takardar shaidar mallakar ƙasa, wadda mai haya ko mai noman gonar gado da ba a raba ba ba shi da ita.

Doka ta ba da dama tun 2017

A watan Mayun 2017, Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu kan dokoki biyu da aka ce za su warware wannan ƙulli. Ta farko ta tsara yadda ake tattara bayanan bashi. Ta ba ƙungiyoyin gama-kai, da kamfanonin wuta da ruwa, da masu sayar da kaya a biya daga baya damar aika rahoto kamar yadda bankuna ke yi, ta kuma ba kowa haƙƙin ganin rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara da neman a gyara kuskure. Ta biyu ta halatta jinginar da kadarar da ake iya ɗauka, kamar injin ban-ruwa, babur, dabbobi ko amfanin gona, a yi mata rajista a rumbun da CBN ke kula da shi.

A takarda, ke nan, littafin mai shagon taki na iya zama shaida a banki. A aikace kuwa, aika rahoto yana buƙatar rajista da kwamfuta da ma'aikaci da kuɗi, kuma ƙaramar ƙungiyar manoma ba ta da abin da zai sa ta ɗauki wannan nauyi. Binciken ƙungiyar EFInA na 2023 ya nuna cewa kashi 26 cikin 100 na manyan Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin hanyar hada-hadar kuɗi, amma a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 47.

Shafin farko da aka ɓata

Ga manoman shinkafa da yawa, haɗuwarsu ta farko da bashin hukuma ita ce shirin Anchor Borrowers, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015. An raba iri da taki da kayan aiki ta hannun bankuna da ƙungiyoyi irin su RIFAN, aka ɗaura bashin a kan lambar BVN ta manomi. Abin da aka fitar ya haura naira tiriliyan ɗaya. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya ce kashi 24 cikin 100 kawai aka biya. CBN ya musanta, ya ce an biya kusan kashi 52 na abin da lokacin biyansa ya yi. Ko da lissafin CBN aka ɗauka, kusan rabi bai dawo ba.

Dalilan suna da yawa. Akwai waɗanda suka ɗauki bashin a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, akwai manoman bogi da aka cusa, akwai kuma na gaskiya da kaya ya iso musu a makare ko ambaliya ta cinye gonarsu. Rahoton bashi bai san wannan bambanci ba. Duk wanda banki ya kai sunansa a matsayin wanda bai biya ba, ya fi wanda ba shi da tarihi kwata-kwata shiga tsaka mai wuya.

A gefe guda, hannun hukunci yana ƙara tsawo. Tun 1 ga Agustan 2020 CBN ya ba bankuna ikon cire kuɗin bashi daga duk wani asusu da ke ɗaure da BVN ɗin wanda ya gaza biya. Hukumar CREDICORP, wadda gwamnatin Bola Tinubu ta kafa a 2024 don faɗaɗa rance ga jama'a, ta fara ne da ma'aikatan gwamnati masu albashi, ta kuma bayyana shirin haɗa tarihin bashin kowa da lambarsa ta NIN. Idan hakan ta tabbata kafin a fara rubuta biyan da manomi ke yi a kasuwa, gazawarsa za ta bi shi ko'ina, cika alƙawarinsa kuwa ta tsaya a Kura.

Kenya ta bi wannan hanya. Bayan yaɗuwar rancen wayar salula, an saka sunayen ɗimbin mutane cikin jerin marasa biya saboda 'yan kuɗi kaɗan, har sai da babban bankin ƙasar ya hana saka sunan wanda bashinsa bai kai shilin 1,000 ba a 2020.

Inda matashi zai fara

Duk da haka akwai abin da ke hannun mai farawa. Na farko, ya tabbatar suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a BVN da NIN. Na biyu, ya nemi rahotonsa na kyauta, musamman idan ya taɓa ba wani shugaban ƙungiya lambarsa, domin ya ga ko an rubuta masa bashin da bai sani ba. Na uku, ya riƙa shigar da kuɗin amfanin gonarsa ta asusu guda, saboda shigar kuɗi da fitarsu shaida ce da banki ke karantawa. Na huɗu, ya fara da ƙaramin rance daga wurin da ke da lasisi kuma yake aika rahoto, wanda wa'adinsa ya dace da girbi, kuma wanda zai iya biya ko da kwandon tumatir ya faɗi warwas ko tsutsa ta afka wa gona kamar yadda aka gani a Kadawa a 2016.

Mai gudun riba yana da zaɓi a bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJ. A tsarin murabaha banki ne ke sayen injin ya sayar masa a biya kaɗan-kaɗan, kuma wannan biyan yana shiga tarihinsa kamar kowane. Manhajojin rancen waya masu kuɗin ruwa mai tsanani da wa'adin kwanaki kaɗan kuwa ba su dace da amfanin da ke ɗaukar watanni kafin ya nuna ba.

Sauran aikin na hukuma ne. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da aka ƙarfafa a ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya, tare da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, suna hulɗa da manoma a kan kuɗin da suke biya na ban-ruwa. Gwamnatin Kano na iya ɗaukar nauyin haɗa su, da ƙungiyoyin gama-kai da manyan dilolin taki, da kamfanonin bayanan bashi, bisa amincewar manomi. CBN kuma na iya tantance bashin Anchor Borrowers, ya raba wanda ya ƙi biya da wanda bala'i ya hana, ya buɗe wa na biyun hanyar wanke sunansa. Idan 'yan takara suka dawo Kura da Bunkure da alƙawarin sabon rance, tambayar da ta dace matasa su yi musu ita ce: wanda ya biya, a ina za a rubuta masa?