Mushe, a rage tsawa

Masu saurarenmu, jiya na bi ta gaban wata lakwal, tun daga titi nike jin tsawar mushe. Ban ɗora mishi laifin duka ba. Yara sun cika rumfar zana maƙil, hayaniyar ajin kusa tana shigowa, wataƙila ma ɗan kwantaragi ne da kuɗin wata bai zo ba.

Amma yaron CI da Hausa ya tashi, ga shi da Faransanci ake mishi tsawa. Bai gane komi ba, tsoro kawai ya koya. Gobe ko ya san amsa, ba zai ɗaga hannu ba.

Mushe, matso kusa da shi, kira sunanshi, fassara mishi. Mu iyaye kuma mu riƙa leƙa lakwal. Ku me kuka gani?