INJI BA YA KUKA BANZA: A SHAYAR DA SHI GIRIS

Jama'a manoma, da dagatai, da masu unguwanni, ga wata magana da ya kamata mu tsaya a kanta tun damina ba ta faɗi ba. Kowa ya san mai doki ba ya ɗaura masa sirdi sai ya ba shi dusa da ruwa. Amma sau da yawa a kan ga an tā da tarakta da asuba, ta wuni tana huɗa, ba wanda ya tuna ya ɗura wa gaɓoɓinta giris. A ganinmu wannan sakaci ya fi tsufa kashe inji a ƙauyukanmu, kuma maganinsa yana hannun mai inji da dagaci.

Ku lura da yadda abin ya ke. Duk inda ƙarfe ya ke juyawa cikin ƙarfe, kamar ƙusar hannun garma, da boris na faifan haro, da gaɓar sitiyari, dole a sami maiƙo a tsakani. In babu, ƙarfen ya kan yi zafi ya ci ɗan'uwansa. Giris kuwa mai ne da aka daskarar da wani irin sabulu domin ya zauna inda aka sa shi. Aikinsa biyu ne: yana hana goga, kana yana toshe ƙofa ga ƙura da ruwa. A ƙasar da hunturu ke kawo ƙura, damina ke kawo laka, aikin nan na biyu babba ne ƙwarai, gama yashi in ya gauraya da tsohon giris sai ya koma kamar dutsen wasa wuƙa.

Ta wani ɗan nono na ƙarfe a ke ɗura shi, wanda makanikai ke kira nipul. Wani injiniya mai suna Oscar Zerk ne ya sami takardar mallakar wannan dabara a Amurka cikin 1929. A cikin nonon akwai 'yar ƙwallon ƙarfe bisa siririyar waya mai tsalle. In famfon giris ya matsa, ƙwallon ta ja baya, giris ya wuce. In an cire famfon, ta komo ta rufe bakin. To, a nan ne a ke yawan yin ɓarna. Direba ya kan matsa, giris ya ɓullo ta gefe, sai ya ce nonon ya ƙi, ya wuce gaba. Nonon da ya ƙi karɓa kuwa shi ne ya fi bukatar a tsaya masa, domin gaɓar da ke bayansa a bushe ta ke.

Ga yadda za a buɗe shi. Da fari a kashe inji, a sauke garma ko cokalin katafila har ƙasa. A goge bakin nonon da tsumma mai tsabta, a ɗan danna ƙwallon da bakin ƙusa ko za ta motsa. In bai karɓa ba, a kwance shi da sifana, a jiƙa shi cikin kananzir, sa'an nan a gwada shi a bakin famfon. In giris ya fito, watau laifin na ramin ne: a ƙwaƙule busasshen giris da waya, a ɗiga mai marar kauri, a sa jak a ɗauke nauyi daga gaɓar, a motsa ta, a sake gwadawa. In nonon ne ya mutu, a sayo sabo, kuɗinsa kaɗan ne. Amma a tafi da tsohon kasuwa, gama zarensu iri iri ne, akwai na inci akwai na milimita, kuma wanda aka cusa da ƙarfi ya kan lalata ramin.

Hattara da abu uku. Kada kowa ya sa yatsa a bakin famfon, domin ƙarfinsa ya isa ya huda fata ya tura giris cikin tsoka, kuma wanda haka ta same shi a kai shi asibiti nan da nan, ko da raunin ya yi kamar tsinin allura. Kada wanda bai ƙware ba ya kwance nonon da ke ɗame sarƙar katafila, gama giris ɗin can a matse ya ke, ya kan harbo nonon kamar harsashi. Kada kuma a cika wa boris giris har robarsa ta fashe. Ƙusa da bushin ne a ke ɗura wa har tsohon ya fito baƙi, sabo ya biyo.

Wani zai ce giris da tsada, kuma ran da aka yi ruwa kowa yana jiran huɗa, ba lokacin ɓatawa. Gaskiya ne lokacin shuka gajere ne. Amma fa don haka ne minti 15 na safe ya fi araha bisa ga mako guda ana jiran kayan gyara daga Kano ko Kaduna, ƙasa tana bushewa, iri yana ajiye. Wani kuma ya ce baƙin mai ya isa. Baƙin mai ya kan tsiyaye kafin azahar, ga shi ɗauke da garin ƙarfe daga cikin inji. Kada kuma a riƙa gauraya giris barkatai, domin waɗansu iri ba su jituwa, in sun haɗu sai su narke ko su daskare.

Girman inji ba ya hana shi mutuwa. A Tanganyika an fara babban shirin noman gyaɗa da injuna cikin 1947, aka watsar da shi cikin 1951. Dalilai sun yi yawa, har da ƙarancin ruwan sama, amma cikinsu akwai ƙasa mai cin ƙarfe, da injuna da suka yi ta lalacewa babu kayan gyara kusa. In gwamnati da dukiyarta ta gaza a gaban ƙarfen da ya mutu, ina ga ƙauye mai tarakta ɗaya?

Saboda haka muna ba dagatai shawara. Kowane inji na jama'a a ɗora wa mutum ɗaya, sananne, alhakin girisinsa. A bi littafin injin, wanda ya kan nuna gaɓoɓin da ke son giris bayan awa 10 na aiki da waɗanda ke son sa bayan awa 50. A ƙirga nonuwan, a rubuta ranar da aka ɗura a ɗan littafi, dagaci ya riƙa dubawa kowane mako. Kuɗin giris a fitar da shi daga kuɗin haya tun kafin a raba riba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Allah ya ba mu damina mai albarka.