Gori Ba Ya Rage Ƙiba

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin mutane, daga majalisar ƙofar gida har ɗakin ganin likita: wai mai ƙiba shi ya ja wa kansa, da zai kama bakinsa ya tashi ya motsa jiki da tuni ya zube. Kwaɗayi ne da son jiki, in ji su, maganinsa kuwa a yi ta yi masa gori har kunya ta sa ya gyara. Ban yarda da wannan magana ba. An bar jaki ne ana dukan taiki, kuma dukan yana ƙara wa mutane ciwo.

A fara tambayar wa ya ɗura kitsen. Yarinya ta tare, bayan wata uku ta zo ganin gida. Abin da gwaggonninta za su fara dubawa wuyanta ne da kumatunta. In ta ciko sai a yi hamdala, a ce gidan miji ya karɓe ta. In tana nan yadda ta fita sai a ja ta ɗaki: "'Yar nan, faɗa mana gaskiya, ba ya ba ki abinci ne, ko uwar mijin ce ta sa ki gaba?" Ta haihu, kwana arba'in ana ɗura mata kunun kanwa da gasasshen nama, ana cewa ta ci ta mayar da jikinta. Wadda jikinta ya ƙi cikowa kuwa, ƙawaye su raka ta kemis a haɗo mata "sha ka fashe". Cikin ƙwayoyin da ake sha don haka akwai cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da atishawa mai buɗe ciki, akwai kuma dexamethasone, wanda in aka daɗe ana shan sa ba tare da likita ba yakan kumbura fuska, ya tara kitse a ciki da ƙeya, ya tayar da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. Bayan shekara goma, bakunan da suka ce ta yi kyau su ne za su ce ta zama buhu, maigida kuma ya kafa hujja da haka ya ƙaro aure.

Namiji ma bai tsira ba. In ya ajiye tumbi a ce Alhaji ya samu. In likita ya ce ya rage, ya dage ya zubar da kilo goma, ladan da zai samu a gari shi ne, "Lafiya kuwa? Ka rame." Bayan idonsa kuma a fara raɗa: ko karayar arziki ce, ko ƙanjamau.

Sannan jiki kansa ba ya sakin kitse da daɗin rai. A 1986 wani mai bincike, Albert Stunkard, da abokan aikinsa sun duba mutum 540 a ƙasar Denmark waɗanda wasu suka riƙe su tun suna ƙanana. Nauyinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na waɗanda suka ci tukunya ɗaya da su ba. A 2016 kuma Kevin Hall, wanda a lokacin yake bincike a cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, ya bibiyi mutum 14 da suka shiga gasar rage ƙiba ta talabijin mai suna The Biggest Loser. Waɗannan mutane ba wanda zai kira su ragwaye, sun sha wahalar da yawancinmu ba za mu jure ba, kowanne ya zubar da kimanin kilo 58 a matsakaici. Bayan shekara 6, kilo 41 sun dawo, kuma jikinsu yana ƙona abinci ƙasa da yadda ya kamata ga mai girmansu da kusan kalori 500 a yini. Wato jiki yakan ɗauki rama a matsayin yunwa, sai ya tsuke abin da yake kashewa, ya ƙara wa mutum son ci.

To gorin fa, yana aiki? Masu bincike a Jami'ar UCL ta Landan sun bi manya kusan 3,000 a Ingila tsawon shekara 4, suka fitar da sakamako a 2014. Waɗanda suka ce ana wulaƙanta su saboda jikinsu sun ƙara kusan kilo ɗaya, waɗanda ba a wulaƙanta ba sun ɗan ragu. Ba abin mamaki ba ne. Matar da yaran unguwa suka bi da ihun "ga lukuta" ranar da ta fara tattaki ba za ta sake fita ba. Wadda ta je asibiti da ciwon gwiwa aka watsa mata "je ki rage ci" tun ba a taɓa gwiwar ba, za ta daina zuwa, sai hawan jini ya kayar da ita a ɗauko ta. Mai baƙin ciki kuma, wanda ba ya samun barci, ba shi da wanda zai faɗa wa damuwarsa, sau da yawa kwano ne kaɗai ke rarrashinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba, kuma yawanta a tsakanin manya ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya haura ƙima. Himmar 'yan Adam ba ta ragu da rabi cikin shekara talatin ba. Abin da ya canza shi ne lemon kwalba da ya zama ruwan tarbar baƙo, taliyar leda da ta zama karin kumallon yara, da a-daidaita-sahu da ya ɗauke tafiyar ƙafa. Harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi da Dokar Kuɗi ta 2021 ta kawo bai kai ya hana kowa sha ba.

Ƙiba illa ce, ban musa ba. Tana jawo ciwon suga da hawan jini da ciwon gaɓoɓi. Kuma ana iya rage ta. Wani babban gwaji a Amurka da aka fitar a 2002 ya ɗauki mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga, aka sa musu burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 100, kilo 7 ke nan kawai. Amma kowannensu yana da mai zama da shi, yana duba abincinsa, yana ƙarfafa masa gwiwa in ya zame.

Wannan rakiyar ce muka hana namu. Maigidan da ke son matarsa ta rage, ya fita tattaki tare da ita bayan sallar asuba, ya kuma yarda a rage mai da suga a tukunyar gidan gaba ɗaya, har da kwanonsa. Hukuma ta bi kemis-kemis ta hana sayar da dexamethasone ba takardar likita. Gwaggo kuma, in amarya ta zo ganin gida ba ta ciko ba, ta tambaye ta lafiyarta da zaman gidanta, ta ƙyale kumatunta.