Labarin Yaƙi A Jikin Bango

Zuwa ga Edita,

Ga abin da na kawo wa 'yan'uwa a wannan mako.

Rumawan dā, in sarkin yaƙinsu ya ci nasara, sai a yi masa hawa, ganima da kamammu a gaba, shi kuwa cikin karusa mai doki huɗu. Ba su bar labarin a baki kaɗai ba. Titus ya ci Ƙudus a shekara ta 70, aka sassaƙa hawansa a jikin wata ƙofa a birnin Rum, tana nan har yau.

To, mu fa? Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau gado a 1819, ya yi ribaɗi a Fanisau don tare Ɗan Tunku. Yaranmu nawa suka san haka? Maginanmu ba su saba zana mutum ba, amma sun gwanance da takobi da dagi a fuskar zaure, ga shi siminti yana kore su. Malamai, ku ba magini suna da shekara ya rubuta a bango, gama abin da aka bari a baki mantuwa ke cinye shi.

Wassalam.

Malamin Ƙauye, ƙasar Minjibir.